Idan Baƙo Ya Zo Gida: Me Ya Sa Karɓar Baƙuncin Gasa Ke Haɗa Kan 'Yan Ƙasa?

Rabon Najeriya da karɓar baƙuncin wata gasa ta hukumar FIFA tun shekarar 2009. Ke nan da yawa daga cikinmu da muke ND a yau, ko firamare ba mu shiga ba a lokacin. Mun taso mun iske ƙwallo a talabijin ne, a gidan kallo, ana ta gardamar Arsenal da Chelsea, Madrid da Barcelona. Shi ya sa idan malamanmu da yayyenmu suka fara ba da labarin gasar 1999, suna cewa ai lokacin ƙasar nan ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, sai mu ɗauka irin zancen nan ne na manya, na "da can an ji daɗi".

To, ba duka ne zancen manya ba. Abin ya faru da gaske, kuma yana da dalilansa. Yana kuma da iyakarsa, wadda ba kasafai masu ba da labarin ke faɗa ba. Ga yadda abin yake.

Inda aka faro

Yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairun 1970, ya bar ƙasa da rauni da rashin yarda. Shekara uku bayan nan, a Janairun 1973, Legas ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu, a sabon babban filin wasa na Surulere. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa na NYSC, aka kuma fara bikin wasanni na ƙasa da ke tara jihohi wuri ɗaya. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce. Gwamnati na neman duk hanyar da za ta sa matashin Sakkwato da na Inugu su tsaya a layi ɗaya, a ƙarƙashin tuta ɗaya, sai ta ga wasa na cikin hanyoyin da suka fi sauƙi.

Sakamakon ya fito fili a 1980, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka a Legas da Ibadan. A ranar 22 ga Maris, Green Eagles, kamar yadda ake kiransu a lokacin, suka lallasa Aljeriya da ci uku da nema a wasan ƙarshe. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Wani abin da ya kamata ɗan poli ya sani shi ne, Odegbami ɗan poli ne, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan ya karanta injiniyanci, kuma a Jos ya tashi.

Amma ku dubi hoton miƙa kofin da kyau. Wanda ya miƙa shi ne Shugaba Shehu Shagari, mutumin Sakkwato. Wanda ya karɓa shi ne kyaftin Christian Chukwu na ƙungiyar Rangers ta Inugu, ƙungiyar da aka kafa a 1970 bayan yaƙi, wadda mutanen gabas ke kallo a matsayin alamar farfaɗowarsu. Wurin kuma Legas, gaban dubban 'yan kallo. Shekara goma kacal da ajiye bindiga. Babu jawabin da wani shugaba zai yi a rediyo da zai isar da saƙon da wannan hoton ya isar.

Me ke jawo wannan haɗin kai?

Na farko shi ne idon baƙo. Kowa ya san yadda gida yake idan aka ce baƙi na tafe. Ko kishiyoyi na gaba da juna, ranar za a share tsakar gida, a fito da kwanukan da aka adana, a saki fuska. Ba wai rigimar ta mutu ba ne, an dai ajiye ta ne saboda mutuncin gidan na kowa ne. Haka ƙasa take. Ɗan jaridar da ya taso daga Japan ko Sifaniya bai san bambancin Bahaushe da Bayarabe da Ibo ba. Idan aka yi masa sata a tasha, cewa zai yi 'yan Najeriya ɓarayi ne. Idan direban tasi ya mayar masa da jakarsa, cewa zai yi 'yan Najeriya masu amana ne. Da yabo da zargi duk a kwano ɗaya za a zuba mana. Wannan kan sa mutum ya fara kallon kansa da sunan da baƙo ke kiransa da shi.

Na biyu shi ne yadda ake rarraba wasannin. Gasa irin ta FIFA ba a gari ɗaya ake yin ta ba. Ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, kowane rukuni da garin da zai zauna. A ƙasa irin tamu, inda kullum ake ƙorafin an mayar da wani yanki saniyar ware, zaɓen garuruwan kansa magana ce ta siyasa. Idan mutumin Bauchi ya ga an kawo gasar duniya filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an gyara titi, an sa fitilu, zai ji cewa shi ma da shi ake yi. Kishin ƙasa ba ya tsirowa a zuciyar wanda ke jin an manta da shi.

Na uku shi ne aiki. Mu 'yan kallo minti casa'in muke gani, amma kafin a busa usur akwai shekaru na shiri. Akwai kwamitin shirya gasa na ƙasa da na kowane gari. Akwai masu shuka ciyawa da ba ta ruwa, masu haɗa wutar fitilun fili da janareto, masu jan wayoyin watsa shirye-shirye, direbobi, ma'aikatan otal, likitoci, 'yan sanda, masu fassara, da 'yan sa-kai waɗanda galibinsu ɗalibai ne irinmu. Jami'an FIFA kan zo duba aiki lokaci zuwa lokaci, kuma idan gari ɗaya ya gaza, ƙasar ce baki ɗaya za ta ji kunya. Mutanen da a da ba abin da ke haɗa su sai su wayi gari suna da wa'adi ɗaya da fargaba ɗaya. Ai ka san wanda kuka kwana kuna haɗa furojet tare, ko daga ina ya fito, akwai wata shaƙuwa da ke shiga tsakaninku.

Na huɗu kuwa shi ne lokaci. Ba kasafai miliyoyin mutane ke jin abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya ba. Ko bukukuwanmu ba rana ɗaya kowa ke yi ba. Amma idan ƙwallo ta shiga raga, ihun da aka yi a Sabon Gari shi aka yi a Fagge, shi aka yi a Aba da Mushin. Wanda ka runguma ba ka tambaye shi sunansa ba tukuna.

Gasar 1999: bayan an hana mu sau biyu

Daɗin gasar 1999 yana da nasaba da wahalar da aka sha kafin a same ta. Gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ce ta duniya, kuma sau biyu tana kuɓuce wa Najeriya. An shirya yin ta a nan a 1991, sai aka mayar da ita Fotugal bayan FIFA ta hukunta Najeriya kan batun shekarun 'yan wasa. An sake ba mu ta 1995, sai ana dab da farawa aka ɗauke ta aka kai Katar, da hujjar matsalar lafiya, musamman fargabar sanƙarau. 'Yan Najeriya da dama sun ɗauki wannan a matsayin raini, wasu kuma suka ce siyasar zamanin mulkin soja ce ta jawo.

Da aka zo 1999, ƙasar na tsakiyar sauyi. An yi zaɓen shugaban ƙasa a ƙarshen Fabrairu, Janar Abdulsalami Abubakar zai miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, gasar kuma ta faɗo tsakani, daga 3 zuwa 24 ga Afrilu. Ƙasashe 24 suka zo, aka rarraba su a garuruwa takwas: Legas, Ibadan, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Kaduna, Kano da Bauchi. Uku daga ciki a arewa suke. Bayan shekarun da duniya ta juya wa Najeriya baya, har aka dakatar da ita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1995, sai ga jiragen baƙi na sauka.

Yaran da suka taka leda a filayenmu a wannan wata, wasunsu sun zama manyan taurarin duniya daga baya: Xavi da Iker Casillas na Sifaniya, Ronaldinho na Burazil, da Seydou Keita na Mali wanda aka zaɓa gwarzon gasar. Flying Eagles ba su kai ko'ina ba, Mali ce ta fitar da su da ci uku da ɗaya a zagayen 'yan takwas. Sifaniya ta ɗauki kofin bayan ta ci Japan huɗu da nema a Legas. Duk da haka har yau ana tuna gasar da alfahari. Dalili kuwa shi ne, abin da ake son nunawa ba cin kofi ba ne kawai. So ake a nuna cewa za mu iya, kuma an nuna.

Ko an sha kashi, ana shan sa tare

Wata tara bayan nan sai ga gasar cin kofin Afirka ta 2000, wadda Najeriya da Ghana suka karɓa tare bayan an ƙwace ta daga Zimbabuwe. A ɓangarenmu Legas da Kano ne suka karɓi wasannin. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ya sauki rukunin su Masar da Sanagal. A wasan kusa da na ƙarshe, Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, shi ya zura ƙwallaye biyun da aka fitar da Afirka ta Kudu da su, Legas kuwa ta ɗauki sunansa kamar ɗan unguwarsu.

Wasan ƙarshe da Kamaru, ranar 13 ga Fabrairu, har yanzu ciwo ne ga waɗanda suka gani. Kamaru ta fara cin biyu, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka farke, aka je bugun fenariti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi turken sama ta faɗo bayan layi, alƙalin wasa bai ba da ci ba, Kamaru ta tafi da kofi. A daren nan ba wanda ya ce Ikpeba ɗan kudu ne ko Babangida ɗan arewa ne. An cuce mu, haka kowa ke faɗa. Ku lura da kalmar: mu.

Haka aka sake yi a 2009, a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. A wasan farko a Abuja Jamus ta jefa mana uku, Golden Eaglets suka farke duka aka tashi uku da uku. Suka yi ta tafiya har wasan ƙarshe, inda Suwizalan ta ci su ɗaya mai ban haushi ranar 15 ga Nuwamba. Sani Emmanuel ne ya zama gwarzon gasar. A nan ma Kano da Kaduna da Bauchi sun sauki baƙi.

Ba mu kaɗai ba ne

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Afirka ta Kudu. A 1995, shekara ɗaya da kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, ƙasar ta karɓi gasar duniya ta wasan zari-ruga. Baƙar fata na ƙin ƙungiyar ƙasar, Springboks, domin suna ganin ta a matsayin alamar Turawan da suka danne su. Ranar wasan ƙarshe a Johannesburg, sai ga Nelson Mandela ya shigo fili sanye da rigar ƙungiyar mai lamba shida, lambar kyaftin François Pienaar. Suka ci New Zealand 15 da 12, ya miƙa masa kofi. Mutumin da ya yi shekara 27 a kurkuku ya sa rigar waɗanda ake ganin su ne suka ɗaure shi, jama'a kuwa suka fahimci abin da yake nufi.

Na kusa-kusa shi ne na Kwaddibuwa, wanda mu ne aka yi abin a kanmu. Ƙasar ta sha yaƙin basasa tun daga 2002, har ta rabu biyu, 'yan tawaye na riƙe da arewa daga birnin Bouaké. Da ta karɓi gasar Afirka a farkon 2024, ta kai wasanni har Bouaké da Korhogo a can arewa. Ƙungiyarsu ta sha huɗu da nema a hannun Ikwatoriyal Gini, aka kori koci ana tsakiyar gasa, da ƙyar suka tsallake rukuni. Emerse Faé ya karɓi ragama, suka fitar da Sanagal da Mali da Kwango, suka ci Najeriya biyu da ɗaya ranar 11 ga Fabrairu. Mu mun ji zafi, amma duk wanda ya ga titunan Abidjan a talabijin a daren nan ya ga abin da ake nufi da haɗin kai.

Iyakar abin

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Wasan ƙarshe na 2000 an yi shi ne ranar 13 ga Fabrairu. Bayan mako ɗaya, rikici ya ɓarke a Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawa, har ramuwar gayya ta kai wasu garuruwan kudu maso gabas. Mutanen da suka yi ihu ɗaya a kan ƙwallon Babangida, su ne dai a garin su Babangida.

A Kwaddibuwa ma an taɓa ganin haka. A 2007 Didier Drogba ya nemi a kai wasan ƙasar da Madagaska birnin Bouaké don ƙarfafa sulhu, aka yi, aka ci biyar da nema, aka yi murna. Amma bayan zaɓen 2010 sai ƙasar ta sake rikicewa, aka kashe mutane kusan dubu uku. Afirka ta Kudu ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2010, ta farko a nahiyar nan, har 'yan ƙasar suka rungumi Ghana a matsayin tasu bayan an fitar da su. Wannan bai hana a kai wa baƙi 'yan Afirka hari a 2015 da 2019 ba, ciki har da 'yan Najeriya.

Me wannan ke nuna mana? Haɗin kan gasa gaskiya ne, amma na aro ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Idan ya tafi, matsalolin da aka tura ƙarƙashin gado suna nan: rashin aikin yi, rashin adalci, 'yan siyasar da ke cin abinci da rarrabuwar kanmu. Gasa ba ta maganin ko ɗaya. Abin da take yi shi ne ta nuna wa mutane, na tsawon mako uku ko huɗu, cewa zama tare mai yiwuwa ne, kuma da daɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma somin-taɓi ne.

Kuma wannan zafin kishin yana iya juyewa. A ranar 29 ga Maris 2022, bayan Ghana ta hana mu zuwa gasar duniya ta Katar a Abuja, wasu 'yan kallo sun kutsa cikin fili suka farfasa kayayyaki. Filin da aka gina da dukiyar ƙasa, wanda ba a daɗe da gyara shi ba. Kishin da bai wuce sakamakon wasa ba, kishin ƙwallo ne, ba na ƙasa ba.

Bayan baƙi sun tafi

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na 'yan poli. Abin da gasa ke bari a ƙasa shi ne gine-gine da kayan aiki, kuma a nan muka fi rauni. Filin Surulere, inda Chukwu ya ɗaga kofi, ya yi shekaru a yashe, kujeru sun karye, fitilu sun mutu. Babban filin Abuja mai ɗaukar mutum kimanin dubu sittin, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, sai da ciyawarsa ta lalace har aka nemi taimakon Aliko Ɗangote wajen gyara. A 'yan shekarun nan, yawancin wasannin gida na Super Eagles a Uyo ake yi, domin filayen da ke cika sharuɗɗan hukumar CAF ba su da yawa. Yaron Kano ko Kaduna sai dai ya ga ƙungiyar ƙasarsa a talabijin, alhali a garinsu aka taɓa yin gasar duniya.

Wannan yana da farashi. Abuja ta nemi wasannin ƙasashe renon Ingila na 2014, Glasgow ta kayar da ita. Najeriya da Binin sun nemi karɓar gasar Afirka tare, amma ba su samu ba. Masu ba da gasa ba labarin 1980 suke saurara ba, abin da ke ƙasa suke dubawa.

To wa ke kula da fili bayan an gama biki? Ba ɗan wasa ba ne, ba minista ba ne. Mai duba magudanar ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa ne, da mai gyaran famfunan ban-ruwa, da mai kula da taransifoma da fitilu, da mai lissafin kuɗin gyara na shekara, da mai tafiyar da masauki. Waɗannan su ne kwasa-kwasan da muke zaune a aji muna karantawa: injiniyancin gine-gine da na lantarki da na injina, kula da kadarori, akanta, kula da otal da yawon buɗe ido, aikin jarida. Mun iya gini idan baƙo na tafe. Abin da ya rage mu koya shi ne riƙon abin idan ba mai kallonmu.

Kuma ba sai FIFA ta dawo za mu gwada ba. Muna da wasannin NIPOGA da ke tara kwalejoji irin tamu daga kowane sashe na ƙasar nan, muna da gasar sassa da ta ɗakunan kwana. Duk makarantar da ta taɓa saukar baƙi a irin wannan ta san yadda ɗalibai ke mantawa da ƙungiyoyin jiha da na ƙabila su zama 'yan makaranta ɗaya. Shawarata ga 'yan uwa ɗalibai ita ce, idan an zo neman 'yan sa-kai, mu ba da sunayenmu. Idan tawagar wata makaranta ta sauka a wurinmu, mu tuna shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ita kuma ƙungiyar ɗalibai, ta riƙa tambayar hukumar makaranta halin da filinmu da kayan wasanmu ke ciki a watannin da ba a gasa, ba sai ana saura mako biyu baƙi su iso ba.